Kogin da Ke Cika Lokacin da Sama Ta Bushe: Amsar Wasiƙunku kan Mendoza

Jama'a, assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata, cikin amsar da na ba wani kan rabon ruwan noman rani, na ambaci wani lardi a yammacin Ajantina mai suna Mendoza. Na ce ƙasa ce busasshiya, kusan ba a ruwan sama, amma ita ke fitar da mafi yawan inabin ƙasar. Layi biyu ne kawai, sai ga wasiƙu sun fi na kowane batu yawa. Na zaɓi huɗu. Sau ɗaya na taɓa zuwa can, cikin watan Janairu, lokacin ina bakin aikin ban-ruwa. Kwana goma sha biyu na yi ina bin kogin, daga cikin duwatsu har inda ya ƙare. Abin da idona ya gani da abin da na karanta daga baya su zan haɗa muku.

TAMBAYA: Malam, ni manomin rani ne, shekara ashirin da wani abu ina tumatir da albasa da alkama. Ka ce ba a ruwa a can. To kogin daga ina yake samun nasa? Mu dai abin da muka sani, damina ke cika kogi, rani ya shanye shi. Kuma yaya suke raba ruwan ba a yi faɗa ba? Mu nan na ƙarshen layi kullum shi ke kwana da ƙishi.
Daga wani manomi a Kura, Jihar Kano.

AMSA: Malam, Allah ya sa wa gona albarka. Kogin sunansa sunan garin, Kogin Mendoza, kuma lissafinsa ya saɓa wa namu. Shi ba hadari yake jira ba, rana yake jira.

In ka tsaya a birnin Mendoza ka fuskanci yamma, abin da zai tare maka ido shi ne tsaunukan Andes, waɗanda suka raba Ajantina da Chile. A cikinsu akwai Aconcagua, mai tsayin mita 6,961. In ka cire duwatsun nahiyar Asiya, babu wanda ya kai shi a duniya. A lokacin sanyinsu, daga wajen Mayu zuwa Satumba, iska takan ɗauko laima daga tekun Pasifik, ta ci karo da wannan bango, ta hau, ta juye kayanta a can sama. Saboda tsananin sanyi ba ruwa ke sauka ba, dusar ƙanƙara ce. Kafin iskar ta gangaro gabas ta zama fanko. Shi ya sa birnin ba ya samun abin da ya wuce milimita 200 da 'yan kai a shekara, alhali Kano tana samun wajen ninki huɗu na wannan. Ɗan abin da ke sauka ma a bazara yake zuwa, da tsawa, sau da yawa da ƙanƙara mai zubar da amfanin shekara cikin minti goma. Manomin inabi a can in ya ga hadari ya haɗo, gabansa faɗuwa yake yi. Na ga gonaki an lulluɓe su da baƙar raga daga wannan iyaka zuwa waccan don tare ƙanƙara.

Su suna kudancin duniya, saboda haka Disamba da Janairu, lokacin da muke jin ɗumi a bakin wuta, shi ne tsakiyar zafinsu. Rana na ƙara ƙarfi, dusa na narkewa, kogi na tasowa. A hunturunsu abin da ke wucewa ba ya fin kubik mita 20 da wani abu a daƙiƙa, amma a Janairun shekara mai kyau yakan kai ɗari. Ka ga ashe dutsen rumbu ne. Ana zuba masa a hunturu, ya riƙa aunowa daidai lokacin da shuka ke neman ruwa. Can cikin kwazazzaban ƙoli kuma akwai tsohuwar ƙanƙara da ta daskare tun ɗaruruwan shekaru, ba ta narkewa duka. Ita ce ajiyar gindin rumbu, wadda ke riƙe kogin a shekarar da dusa ta yi ƙaranci.

Kogin yana samun sunansa ne a wani wuri da ake kira Punta de Vacas, kimanin mita 2,400 sama da teku, inda rafukan Cuevas da Tupungato da Vacas suke haɗuwa. Daga nan ya bi ta kwarin Uspallata, ya karya kudu maso gabas ta Potrerillos da Cacheuta, ya fito fili a Luján de Cuyo, kudu da birnin Mendoza. Tsawonsa duka kimanin kilomita 273 ne. Ranar da na fara tsayawa a bakinsa sama da Uspallata, launinsa kamar kunun kanwa, ga kauri, kana jin duwatsu na gungurawa a ƙarƙashinsa kamar ana niƙa. Na tsoma hannu, ban iya ƙirga goma ba na cire saboda sanyi, alhali zufa na keto mini a goshi.

Yanzu batun rabo, wanda shi ne ainihin abin da ya kai ni.

Ba Turawa suka fara ba. Mutanen asalin wurin, Huarpe, sun riga sun haƙa magudanai suna jan ruwa zuwa gonakin masara da kabewa kafin Pedro del Castillo ya zo daga Chile ya kafa garin a 1561. Sifaniyawa suka tarar da aiki, suka ɗora a kai. Babbar magudanar da ta ratsa birnin har yau sunan wani sarkin Huarpe take ɗauke da shi, Guaymallén. Ƙananan magudanan kuwa "asekiya" suke ce musu, kuma duk wanda ya yi karatun Larabci zai ji "as-saƙiya" a ciki. Kalmar ta shiga Sifaniyanci tun zamanin Andalus, ta tsallaka teku ta sauka a gindin Andes. A cikin birni kowane titi yana da irin wannan lambatu a gefensa, ba na ƙazanta ba, na shayar da itatuwa. Duk inuwar da ka shiga a Mendoza wani ne ya dasa ta, wani kuma yake buɗe mata ruwa.

A 1884 lardin ya yi dokar ruwa, kuma har yau ita ce gindin komai. Ta jera waɗanda za a fara ba: shan mutane tukuna, sai jirgin ƙasa, domin a lokacin da tururi yake tafiya, sannan gona, sannan masana'antu. Tsarin mulkin lardin na 1916 ya ƙara ɗaure abu biyu. Na farko, haƙƙin ruwa a jikin gona yake, ba a aljihun mai gona ba. Ba ka sayar da ruwan ka riƙe ƙasar, ba ka sayar da ƙasar ka tafi da ruwan. Na biyu, hukumar ban-ruwa, wadda kowa ke kira Irrigación a taƙaice, tana cin gashin kanta, da kuɗin da masu shan ruwan ke biya take aiki, shugabanta kuma wa'adin shekara biyar gare shi. Wani injiniya ɗan Italiya, Cesare Cipolletti, shi ya gina madatsar rarraba ruwa a Luján de Cuyo wajen 1890, har yanzu kuma daga nan manyan magudanai ke tashi.

Abin da ya fi burge ni yana can ƙasa, a kan ƙaramar magudana. Manoman da ke sha daga magudana guda su suke zaɓen mai kula da ita daga cikinsu. Ƙarƙashinsa akwai wanda suke kira "tomero", mai riƙe da makullin ƙofofin ruwa, wanda da a wurinmu ne sai mu ce sarkin rafin unguwa. Ruwa bi-da-bi ake ba da shi, gwargwadon faɗin gonarka, da awa da minti. In naka ya faɗo ƙarfe uku na dare, ƙarfe uku za ka tashi da shebur da fitila. Na bi wani dattijon tomero zagayensa na asuba a yankin Maipú. Yana da ɗan littafi a aljihu, ya duba agogo, ya murɗa ƙofa ya rufe wa wannan, ya buɗe wa wancan, mai gonar na tsaye bai ce uffan ba, domin jadawalin ya san shi tun kafin ranar. A hunturu kuma akan tsayar da ruwa na wasu makonni don yashe magudanai, kowane mai gona da yankin da aka yanka masa. Cikin Oktoba hukumar takan fito ta faɗi yawan ruwan da ake sa ran samu, bayan ta auna dusar da ke kan duwatsu, don manomi ya san iya abin da zai shuka. Wannan na ƙarshe na daɗe ina fatan mu riƙa yin irinsa a kan madatsunmu da zarar damina ta ɗauke.

Amma kada in yaudare ka, na ƙarshen layi a can ma yana kuka. A farkon shekarun 2000 aka kammala madatsar Potrerillos, mai tsayin mita 116, wadda ke riƙe abin da ya kai kusan rubu'in ruwan madatsarmu ta Tiga. Ta yi amfani: tana ba da lantarki, tana ajiye rarar Janairu don a samu na shayarwa a Satumba da Oktoba, lokacin da kurangar inabi ke tohowa dusa kuwa ba ta fara narkewa sosai ba. Sai dai lakar nan da ta sa ruwan ya yi kama da kunu yanzu a cikin tafkin take kwanciya. Ruwan da ke fitowa ƙasa garau yake. Da, lakar ita ke shafe cikin magudanan ƙasa kamar yaɓe, ta kuma bar wa gona ɗan taki. Da ruwa ya zama garau sai ya riƙa tsiyayewa a hanya, na ƙarshe ya samu kaɗan, a wasu wuraren kuma ruwan ƙasa ya taso da gishiri. Dole aka shiga zuba wa magudanai siminti, aikin da har yau ba a gama ba.

TAMBAYA: Na ji an ce inabin nan giya ake yi da shi. Ashe duk wannan ni'ima a haram take ƙarewa? Me ya sa za ka kawo mana misali da su?
Daga wani malamin makarantar allo a Damagaram.

AMSA: Allah ya gafarta malam, abin da ka ji gaskiya ne. Lardin Mendoza yana da gonakin inabi kusan hekta dubu 150, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na giyar inabin Ajantina daga nan take fitowa. Hukuncinta a wurinmu sananne ne. Sau da yawa an miƙo mini kofi a can, na ce addinina ya hana, aka kawo mini ruwan inabi zalla, ba wanda ya ɓata rai. Na kawo misalinsu ne saboda ruwa, kamar yadda likita zai koyi ɗinkin rauni a hannun wanda ba su haɗa alƙibla ba.

Dalilin da ya sa inabi ya mamaye wurin yana da ban sha'awa ga manomi. Kuranga tana da saiwa mai nisa, tana jure ƙasa mai tsakuwa da yashi, kuma ba ta son ruwa a kan ganye, domin laima ke kawo mata ruɓa. A inda sama ba ta zubarwa, mai gona shi ke yanke ranar da za ta sha da ranar da za a bar ta da ƙishi don 'ya'yan su yi zaƙi. Gonakin Luján de Cuyo suna tsakanin mita 800 zuwa 1,100 sama da teku, rana mai zafi, dare mai sanyi, abin da inabi ke so ke nan. Limaman coci suna cikin waɗanda suka fara dasa shi saboda ibadarsu. A 1853 aka ɗauko wani masanin noma Bafaranshe, Michel Pouget, ya buɗe makarantar gona, ya shigo da irin da ake kira Malbec, wanda a yau shi ne sunan da Mendoza ta yi a duniya. Amma abin da ya juya lamarin shi ne jirgin ƙasa, da ya iso a 1885. Buenos Aires, babban birnin ƙasar, tana da nisan kilomita dubu. Ɗanyen kaya ba ya kai wannan tafiya lafiya a wancan zamani, abin da ke cikin ganga kuwa yana kaiwa. Jirgin da ke tafiya da gangunan shi ke dawowa da baƙi daga Italiya da Sifaniya, mutanen da suka tashi cikin aikin kuranga.

Sai dai ba a nan ruwan yake ƙarewa duka ba. Fiye da mutum miliyan ɗaya na birnin da kewayensa daga wannan kogi suke sha. Mendoza ita ce gaba a tafarnuwa a duk Ajantina, mafi yawanta Brazil ake kai wa, kuma na wuce filayenta da ba ka ganin ƙarshensu. Akwai zaitun a Maipú da Lavalle, akwai tumatir na gwangwani, albasa, karas, da itatuwan marmari. Inabin kansa ba duka ake tsimawa ba. Kaso mai yawa ana matse shi a dafe ruwan ya yi kauri kamar zuma, ba maye a cikinsa, a sayar wa masu yin lemo da kayan zaƙi a ƙasashen waje, kuma Ajantina tana cikin manyan masu fitar da shi a duniya. Su kansu 'yan ƙasar sun rage sha ƙwarai: a 1970 abin da ke kan kowane mutum ya kai lita 90 a shekara, zuwa 2018 ya faɗo ƙasa da 20. Gonaki da yawa an tumɓuke su a shekarun 1980 saboda haka.

Abin da ya dame ni a wannan sana'a ta fuskar ruwa shi ne sababbin manyan gonaki. Masu jari, da yawansu daga waje, sun hau can gindin dutse inda magudana ba ta taɓa kaiwa ba, suka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi, suna shayarwa ɗigo-ɗigo ta bututu. Aikin yana da tsabta, ba ɓarna. Amma ruwan ƙasan da suke zuƙa shi ne dai wanda da zai gangara ga ƙaramin manomi na can ƙasa, wanda rijiyarsa ke ƙara zurfi tana ƙara gishiri.

TAMBAYA: Baba, ni direban tirela ne. Ana hawa kogin da jirgin ruwa? Kuma ta ina motoci ke tsallaka irin wannan dutse?
Daga wani direba a Marabar Jos.

AMSA: Ɗana, jirgin kaya ba ya hawansa, gangara da duwatsu sun yi yawa. Sai dai 'yan yawon buɗe ido da ke shiga kwalekwalen roba sama da Potrerillos, igiyar ruwa na wurgi da su. Amfanin kogin ga irinka shi ne hanyar da ya fasa cikin dutse. Babbar hanya mai lamba 7 gefensa take bi har sama, ta shiga ramin Cristo Redentor da aka buɗe a 1980, a tsayin da ya haura mita 3,000, ta ɓulla Chile. Tirelolin Ajantina da Brazil da Paraguay ta nan suke kai kaya tashoshin ruwan Pasifik. A hunturu dusa kan rufe hanyar, direbobi su yi kwanaki a Uspallata suna jira. Ta wannan kwari ne wani ɓangare na rundunar José de San Martín, janar ɗin Ajantina, ya bi a Janairun 1817, da alfadarai, za su ƙwato Chile daga hannun Sifaniya.

Jirgin ƙasa ma ya bi ta nan daga 1910, kuma kogin ya taɓa nuna masa ƙarfinsa. Wata tsohuwar ƙanƙara ta zamo daga dutse ta toshe rafin Plomo, ɗaya daga cikin masu ciyar da Tupungato, ruwa ya taru a bayanta ba wanda ya sani. A Janairun 1934 ta ɓalle. Ambaliyar ta share gadoji da dogo mai tsawo, ta lalata tashar lantarki da otal ɗin Cacheuta, ta ci rayuka, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Sai da aka shekara goma kafin jirgi ya sake bi. Tun 1984 ya daina gaba ɗaya, amma kana tuƙi kana ganin tsatsattsun gadojinsa a ɗaya gefen.

TAMBAYA: Baba, ina karatun labarin ƙasa. Na duba taswira na ga kogin bai kai teku ba, layinsa ya zama ɗigo-ɗigo ya ɓace. Ina yake zuwa?
Daga wata ɗaliba a Gashuwa, Jihar Yobe.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarki ce na fi so a cikin huɗun nan, kuma ban yi mamakin ta fito daga Gashuwa ba.

Bayan ya wuce gonakin Maipú, kogin yakan karya arewa ya shiga hamadar Lavalle. Asalinsa a can yake haɗuwa da Kogin San Juan, su bazu su zama tafkuna da fadamu masu faɗi da ake kira Guanacache, rararsu kuma ta bi Kogin Desaguadero ta yi kudu. A nan Huarpe da yawa suka fake lokacin da Sifaniyawa ke kwashe 'yan'uwansu zuwa aikin tilas a Chile. Masunta ne, suna ɗaure wata ciyawa mai kama da kachala su yi kwalekwale da ita, suna saƙa kwanduna, in ruwa ya janye su shuka alkama a danshin da ya bari. Kifin da ake ci a birnin Mendoza a da daga hannunsu yake zuwa.

Ɗigo-ɗigon da kika gani a taswira su ne labarin abin da ya biyo baya. Kowace hekta da aka ƙara a sama, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, daga bakin waɗannan mutane aka ɗebe ta. Dokar 1884 da na yaba ɗazu gonaki masu takarda ta sani. Masu tafki ba su da takarda, saboda haka ba a rubuta musu ko awa ɗaya ba. Yau ƙasa da kashi 5 cikin 100 na lardin ne ke samun ban-ruwa, kuma fiye da kashi 90 na mutane a nan suke. Sauran ƙasar ta masu awaki ce. A 1999 an sa Guanacache cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma suna a takarda bai cika tafki ba. Ruwa ba ya isa can sai a shekarar da dusa ta yi yawa har madatsa ta rasa inda za ta sa shi.

Ke kin san wannan labari da wasu sunaye. An gama Tiga a 1974, Challawa a 1992, manoman Kura da Kadawa suka samu abin yi, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kuwa ta ragu, masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama suka ji a jikinsu. Ni cikin masu aikin sama na yi rayuwata, kuma na yarda da amfanin madatsa har gobe. Amma ra'ayina shi ne duk dokar rabon ruwan da ba ta yanka wa ƙarshen kogi kasonsa a rubuce ba, da saura. Mendoza ta iya raba ruwa tsakanin maƙwabta har zuwa minti, ta kasa raba shi tsakanin sama da ƙasa.

Ga shi kuma rumbun kansa yana raguwa. Tun wajen 2010 tsakiyar Andes ta shiga fari mai tsawo, shekara bayan shekara dusa ba ta kai yadda aka saba, tsohuwar ƙanƙara tana ja da baya. A 2010 Ajantina ta yi dokar kare wannan ƙanƙara, kuma cibiyar da aka ɗora wa ƙirga ta a duk ƙasar a Mendoza take. Mutanen lardin sun san abin da ke hannunsu. Suna da doka mai lamba 7722, ta 2007, wadda ta hana amfani da guba irin sayanaid da makuri (zaiba) wajen haƙar ma'adinai. A Disambar 2019 majalisar lardin ta sassauta ta. Dubban mutane suka fito, manoma da ɗalibai da 'yan kasuwa, wasu sun kwana suna tafiya daga garuruwan kudu zuwa birni, suna cewa ruwan Mendoza ba na ciniki ba ne. Kafin shekarar ta fita gwamna Rodolfo Suárez ya janye, aka maido da dokar yadda take.

Ranar ƙarshe ta tafiyata a Lavalle na yi ta. Muka bar kwalta muka shiga rairayi, muka tsaya a kan wata gada. Direban ya nuna ƙasa ya ce ga Kogin Mendoza. Yashi ne fari, da sawun awaki. Kwana tara kafin nan na kasa riƙe hannuna a cikinsa. Wata tsohuwa a gidan da ke kusa ta ba mu wurin zama a gindin wata bishiya mai kama da gawo, ta kawo shayinsu na ganyen mate a ɗan ƙoƙo. Ruwan da ta dafa shi da shi daga tanki ta ɗebo, wanda mota ke cika mata, domin na rijiyarta ya yi gishiri, dabbobi kawai ke sha. Ta ce kakanta masunci ne, ta shiga ɗaki ta fito da ragowar komarsa ta nuna mana.

Masu tambaya kan takin zamani da tsutsar tumatir, wasiƙunku sun iso, za su fito a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.